Waifar da Baba Ya Bari a Ɗage

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu turo min saƙo kuna tambaya wai ko an sa rana, ku yi haƙuri ku nemi wuri ku zauna, yau ba labarin sa rana na zo da shi ba. Wanda kuma yau ya fara cin karo da ni, sunana Basiratu, 'yar Aboabo ce a nan Kumasi, ɗinki nake yi. Tun ranar Litinin ko zare ban iya zurawa a allura ba.

Babanmu Sanni Direba, Allah ya jiƙansa, tasi ya ja tun kafin a haife ni. Motar tsohuwa ce shuɗiya, kusurwoyinta ruwan ɗorawa kamar kowace tasi a garin nan, ƙofar baya sai ka tallafe ta da gwiwa kafin ta yarda ta rufu. Yana da wata ɗabi'a da duk layinmu an san shi da ita. Idan ya tashi aiki ya faka a gaban tagar Mma, mahaifiyarmu, kafin ya shigo gida sai ya ɗaga waifar gilashin gaba duka biyun, ya bar su a tsaye. Shi dai cewa yake zafin rana ne ke manne robar da gilashi. Amma mu ma'anarta a wurinmu daban: Baba na gida. In waifa na kwance, ya fita nema. In tana tsaye, kar wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa neman mota, sai dai mai naƙuda. Mma ko tana tsakiyar dama koko ce sai ta leƙa taga, ta ga hannuwan nan a sama, ta ce min, "Ɗora ruwan wankan ubanki."

Ranar da zai rasu ya dawo tun kafin la'asar, wai kansa na sara. Ya faka, ya ɗaga waifarsa kamar kullum, ya shigo ya ce a ba shi ruwa. Kofin bai kai bakinsa ba. A tasin wani aka kai shi babban asibitin Bantama, daga can kuma sai makara.

Tun ranar motar na nan inda ya bar ta. Damina ta same ta a wurin, tayoyi suka sace, kaji suka mayar da ƙarƙashinta ɗakin kwana, robar waifar ta bushe ta zube, amma ƙarafan biyu suna tsaye. Mma na takaba, ba ta fita ko ƙofar gida. Farin zane, farin hijabi, ba kwalli ba turare, ta rame har zoben azurfarta da ta cire ta ajiye ba na jin zai ƙara zama a yatsanta. Kullum bayan sallar asuba sai ta ja kujerar roba gaban taga, ta karkata gilasan tagar, ta zauna da carbi tana kallon motar har gari ya waye sosai. Ba ta kuka. Da ma kukan take yi da ya fi min sauƙi.

To ga inda Suraj ya shigo.

Suraj bakanike ne a Magajin, unguwar makanikai can Suame, shi ke duba wa Baba mota. Mutumin Yendi ne can arewa, ba Bahaushe ba, dogo, ba ya son magana, Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ya" ne a bakinsa, har ni kaina wani lokacin "kai" ce. Da ina yi masa dariya, yanzu in wani ya kira ni daidai har baƙon abu nake ji. Baba na sonsa ƙwarai. Mma kuwa ba ta taɓa cewa e ba, ba ta taɓa cewa a'a ba. Da ƙanin Baba, Baba Mutala, ya tuntuɓe ta da maganar aurena da Suraj, cewa ta yi, "Sai na fita takaba." Ranar Alhamis ɗin nan za ta fita. Mutanen Suraj har sun yi shirin kawo goron gaisuwa ranar Juma'a, kalmar Mma kawai ake jira.

A gefe guda ga Anti Fusena, ƙanwar Mma, wadda ta mayar da gidanmu ofishinta. Kullum ta zo da leshinta da sarƙar wuya kamar mai zuwa suna, ta baje a kan doguwar kujera ta cire ɗankwali, ta fara.

"Ei, Yaya, kakanninmu tun daga Kano suka taka da goro da jakai suka kafa zangon nan, sai a ƙare a hannun mai baƙin farce? Ga Rahim ɗan Hajiya Mamuna, shagon waya gare shi a Adum, yaro fes, in ya wuce sai ka yi minti kana jin turare."

Mma sai ta ja carbinta ta yi shiru. Shirun nan shi ke cinye ni. Ban san ɓangaren da take ba.

Makon jiya aka yi wani ruwa da ya cika kwatar layinmu. Shara ta taru a ƙarƙashin motar Baba ta toshe hanya, ruwa ya juya ya shiga ɗakunan maƙwabta, katifar wata mai jego ta jiƙe sharkaf. Washegari mutanen layi suka je wurin Baba Mutala, cikin ladabi dai, amma maganar ɗaya ce. Ranar Juma'a ya zo ya tsaya a bakin ƙofar falo, bai ko cire takalmi ba.

"Yaya, motar nan ta zama fitina. Na yi magana da masu kondem. Litinin da safe za su zo su ja ta."

Masu kondem, ga wanda ba ɗan nan ba, su ne masu sayen ruɓaɓɓen ƙarfe su yayyanka. Na dubi Mma. Fuskarta ba ta motsa ba, carbin ne kawai ya tsaya a hannunta.

"Yoo," ta ce. "Na ji."

Ranar ko tuwon da na tuƙa da miyar ayoyo ba ta taɓa ba.

A nan ne wayona ya tashi, wayon da ya kai ni ya baro. Na ce a raina, ai ba motar Mma ke kallo ba, hannuwan nan take kallo. Idan aka cire su aka goge, aka shafa musu mai, aka kawo mata ta ajiye a ɗaki, motar ta tafi duk inda za ta. Kuma wa zai cire? Suraj. Har na hango shi durƙushe a gabanta ya miƙo su da hannu biyu, na hango idon Mma ya ciko, na hango Anti Fusena ta rasa bakin magana. Ni kaɗai a kan keken ɗinki ina murmushi kamar wadda aka yi wa albishir.

Na ɗauki waya na rubuta wa Suraj.

"Ran Lahadi bayan azahar ka zo da kayan aiki. Waifar motar Baba za ka cire min."

Ya karanta. Sai ga saƙon muryarsa, bayansa ƙarar guduma da janareta.

"Basira, Mma ya sani?"

"Ba ta sani ba. So nake mu ba ta mamaki."

"Hmm. Abin mamaci ba a yin mamaki da shi. Tambaye shi tukuna."

Na ji haushi. Ni da nake ƙoƙarin gyara masa hanya, shi yake koya min uwata? Na rubuta, na goge, na sake rubutawa.

"Ni na san Mma ko kai? Rahim da ko ba a tambaye shi ba zai yi. In ba za ka iya ba ka faɗa min."

Ku zage ni, na yarda. Rahim ko lambarsa ba ni da ita. Na san dai inda zan taɓa ne, na kuma taɓa.

Amsarsa kalma biyu ce: "Zan zo."

Lahadi ta zo da hadari tun safe, gari ya yi duhu-duhu, ba iska. Bayan azahar Mma ta sha maganinta ta shiga uwar ɗaka ta kwanta kamar yadda ta saba. Na sa doguwar rigar atamfa mai ganye-ganye da na ɗinka da ragowar yadin wata amarya, na yafa ƙaramin mayafi ruwan toka, har da ɗan jan baki, Allah ya shirye ni. Na fito na same shi tsaye a gaban motar da jakar buhu a hannu. Ya sa farar jallabiya, wai don in Mma ta gan shi ta gan shi da tsabta. Farcensa ya kankare har sun yi ja.

Bai gaishe ni da wasa ba yadda ya saba. Ya dafa bonet ɗin yana addu'a, leɓensa na motsi. Sai da ya shafa fatiha sannan ya naɗe hannun riga.

A gindin kowane hannun waifa akwai 'yar hular roba. Ya sa bakin sukundireba ya ɓalle ta, ta farfashe a hannunsa kamar busasshen ƙosai. Ƙarƙashinta noti ne, ya yi jajir da tsatsa. Ya ɗiga masa man birki daga wata 'yar kwalba, ya ce mu jira ya sha.

"Har yaushe?" na tambaya, idona na kan tagar Mma.

"Ƙarfe ba ya son sauri."

"Ni kuma ina so."

Ya taɓa notin da yatsa. Can ya ɗora sifana, ya danna da tafin hannu. Notin ya yi ƙara kamar ƙofar da ta shekara a rufe, ya juya. Na ɗaya ya fita, na biyu ma ya fita. Na ce alhamdulillahi, na miƙa hannu zan zare na ɓangaren fasinja. Ko gezau. Kamar tare aka ƙera shi da motar.

"Noti ba shi ne wahala ba," in ji Suraj. "Ƙarfen da ke ciki yana da haƙora ƙanana, hannun ya zauna a kansu. Ruwa ya shiga, rana ya buga, sun zama abu ɗaya. Damina guda fa, Basira."

Ya ƙara mai. Ya kama gindin da hannu biyu yana jijjigawa a hankali, gaba da baya, kamar mai lallaɓa haƙorin yaro. Ya mayar da notin ya ɗan ɗaura shi sama-sama, ya ce in ja hannun sama da ƙarfina, shi kuma yana ɗan bubbuga kan notin da ƙaramar guduma. Kowane bugu sai na ji shi a ƙirjina. Tas. Tas. Tas. Ina ja, ina kallon taga, gumi na bin bayana. Wata maƙwabciya ta wuce da bokiti a ka, ta rage tafiya, ta ce "Sannunku da aiki," da irin muryar da ke nufin kafin magariba kowa ya ji.

Bai motsa ba. Suraj ya buɗe jaka ya fito da wani ɗan ƙarfe mai ƙafa biyu da suke zare kan batir da shi. Ya saƙala ƙafafun a ƙarƙashin gindin waifar, ya fara murɗa dunƙulen sama. Yana murɗawa yana tsayawa, yana kasa kunne kamar ƙarfen zai yi masa magana. Jallabiyar nan fara ta riga ta samu tambarin mai a ciki. Sai ji muka yi ƙas! Hannun ya yi tsalle ya faɗo a tafinsa, garin tsatsa ya zubo a kan bonet.

Na kusa yin guɗa. Na karɓa na juya shi. Ba nauyi, ɗan ƙarfe ne baƙi da fentinsa ya ɓaɓɓake. A inda Baba ke kamawa kullum fentin ya goge har ƙarfen ya yi santsi. Na mayar wa Suraj da sauri don idona ya fara zafi.

"Saura na direba," na ce.

Na direba ya ƙi. Duk abin da aka yi wa ɗan uwansa an yi masa, mai, jijjiga, guduma. Ɗan ƙarfen mai ƙafa biyu ma ya kasa samun wurin kamawa, gindin ya matse da bakin bonet, da ya murɗa sai ya zame. Ya zame har ya yanke shi a yatsa. Ya tsotse jinin ya tofar, ya ja da baya yana kallon abin.

"Wannan sai wuta," ya ce. "In na gasa shi zai saki. Amma wuta kusa da gilashi, zai fashe."

"To ya fashe mana! Gobe war haka ai yankan motar za a yi."

"Gobe na masu kondem ne. Yau motar Baba ne. Ni ba zan fasa gilashin Baba ba koraa, ko kaɗan."

"Suraj."

"A'a. Ɗaya ya isa. Wannan bai so ya fita, ka bar shi. Mu kai ma Mma ɗaya, mu gaya mishi gaskiya."

Ya durƙusa ya fara mayar da kayansa cikin jaka. Guduma, sifana, kwalbar mai. Ni kuma haushi ya taso min. Ɗaya? In kai wa Mma hannu ɗaya, ɗayan kuma a tafi da shi a narka? Duk hoton da na zana a kaina ya lalace saboda taurin kan ƙarfe da taurin kan ɗan Yendi. Na ji kamar an yi tari a cikin gida. Iska ta taso, ledoji suka fara tashi a layi.

"Matsa," na ce. "Ku maza komai sai kun mai da shi karatu."

"Basira, kar ka..."

Na kama hannun waifar da hannu biyu, ba a gindi ba, can sama inda ya fi min daɗin riƙo, na jijjiga da duk ƙarfin haushina. Abin da ban sani ba, a tsakiyar hannun akwai gaɓa mai sifirin, wadda ke sa shi ya kwanta ya danne gilashi. Tsatsa ce ta riƙe ta a tsaye duk watannin nan, man da Suraj ya zuba kuma ya gangara ya jiƙa ta. Na ji abu ya saki a hannuna. Ya kuɓuce min. Ƙarfen tsirara, ba roba a bakinsa, ya koma ya maki gilashin.

Ƙarar ba ta da yawa. Amma tsagar ta tashi daga inda ya buga, ta tafi a karkace har gaban kujerar Baba, ta yi rassa.

Na ja da baya, hannuwana a kan baki. Suraj ya miƙe tsaye, waifar da ya cire tana hannunsa. Muna nan a haka ƙofar gida ta buɗe.

Mma ce. Mma da ba ta taka bakin ƙofar nan ba tun ranar da aka fita da Baba. Ba takalmi a ƙafarta, hijabin ma a karkace ta sa shi. Ta tsaya a kan dakali. Ba ta dube ni ba, ba ta dubi Suraj ba. Motar take kallo, gilashin da babu komai tsaye a gabansa.

"Wa ya sauke?"

Muryarta ƙasa-ƙasa. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Amma kafin iska ta fito Suraj ya riga ya zube a ƙasa, gwiwoyinsa cikin taɓo.

"Ni ne, Mma. Hannuna ne ya kuskure. Ka yi haƙuri."

A nan ne ya kamata in ce ƙarya yake, ni ce. Kalma biyu. Na ji su a kan harshena. Sai na tuna Alhamis, na tuna idon Mma in ya juyo kaina, na ce a raina bari ta huce tukuna, shi baƙo ne za ta yafe masa da wuri. Na sunkuyar da kai ina murza bakin mayafi. Na yi shiru.

Mma ta sauko daga dakalin ta taka taɓo har gaban motar. Ta sa yatsu biyu a daidai inda fentin ya goge, ta ɗaga waifar. Ta tashi sumul ta tsaya, tsatsar ai ta riga ta saki. Ta daɗe tana kallonta.

"Ni ba mahaukaciya ba ce," ta ce, kamar da motar take magana. "Na san inda Sanni yake. A gabana aka fita da shi. Amma duk gidan nan an wanke, an share, an kwashe. Kayansa an rabar, kofin ma an wanke. Wannan kaɗai ya rage yadda hannunsa ya bar shi. Kwana ɗaya ya rage min in kalla."

Ta sake duban ƙarfen da ke tsaye.

"Wannan kuma ni na ɗaga."

Ta mayar da shi a hankali ta kwantar a kan tsagar, kamar mai rufa wa yaro zane. Sannan ta juyo wurin Suraj, wanda har lokacin yana durƙushe ya miƙo mata ɗayan da hannu biyu, daidai yadda na hango a mafarkina. Ba ta karɓa ba.

"Tashi, ɗana, ka ɓata rigarka. Ka gaya wa mutanenka kada su wahalar da ƙafarsu ranar Juma'a."

Ta shige gida. Ruwan ya sauko kamar da ma jira yake. Suraj ya ajiye waifar a kan bonet, ya ɗauki jakarsa. Ya dube ni sau ɗaya, ba fushi a idonsa, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ya ce, "Shiga ciki, za ka jiƙe." Ya bi layi cikin ruwa, farar jallabiyar ta manne masa a baya.

Kafin magariba Anti Fusena ta iso da lema, labari ya riga ya same ta. "Ban faɗa ba? Ban faɗa ba, Yaya? Tun bai shigo ba ya fara fasa kayan marayu!" Mma ta ce mata kanta na ciwo. Ni ina kicin ina wanke tukunyar da ba ta da datti. Waifar na ɗauko ta na naɗe a ƙyalle na tura ƙarƙashin keken ɗinki. Wayata na ta haske a kan ɗan teburin kicin, saƙonnin Suraj ne.

"Ka ci abinci?"

"Kar ka damu paa. Zan sa limaminmu ya zo ya ba Mma haƙuri."

"Yatsana ya daina jini."

Ko ɗaya ban amsa ba. Me zan ce?

Litinin da sassafe masu kondem suka zo da motar ja, suna ta ihu da dariya da Turanci da Tuwi, yaren 'yan gari, su aiki ne kawai a wurinsu. Baba Mutala na tsaye yana nuna musu. Mma na kan kujerarta ta roba a gaban taga, gilasan a karkace, carbi a hannu. Na dama mata koko na kawo, na ajiye a kan ɗan tebur. Sarƙa ta yi ƙara a waje. Kaji suka watse daga ƙarƙashin motar. Na durƙusa a gefen ƙafarta.

"Mma, ina da magana."

Ba ta juyo ba.

"Ba Suraj ba ne. Ni ce na sa shi ya zo, bai so ba, ya ce in tambaye ki na ƙi. Kuma ni ce na ja waifar ta faɗi. Shi har ya tattara kayansa. Don Allah Mma, kar ki hukunta shi da laifina."

Na fashe da kuka, na kifa kaina a gwiwarta. Ina jira ta zabura, ko ta ture ni, ko ta ce Innalillahi. A wani lungu na zuciyata kuma, ba zan ɓoye muku ba, ina jira ta ce to shi ke nan, su zo ranar Juma'ar.

Aka ja motar. Tayoyin da suka sace suna ta gurzar ƙasa, ƙarar ta yi nisa a hankali har ta ɓace. Inda ta tsaya ya bar baƙin tabo mai siffarta, da tarin shara. Sai a lokacin Mma ta yi magana.

"Na sani."

Na ɗago.

"Bugun gudumar ne ya tashe ni. Ina tsaye a nan. Na ga ya mayar da kayansa cikin jaka, na ga kin ture shi kin kama da hannu biyu. Na buɗe baki in kira ki, ban kai ga kira ba."

"To Mma, in kin sani, me ya sa kika..."

"Da na fito na yi tambaya, ba shi na tambaya ba. Ke na tambaya." Ta juyo ta dube ni, karo na farko tun ranar Lahadi. Idonta a bushe. "Tun ubanki na da rai na yanke shawara a kan yaron nan. E zan ce ranar Alhamis. Fusena ta yi ta surutunta, ni na san mutum in na gan shi. Jiya ya durƙusa a cikin taɓo ya ɗauki kayan da ba nasa ba, ke kuma kina tsaye a bayansa kina wasa da mayafi."

"Tsoro na ji, Mma."

"Na sani. Haka za ki riƙa jin tsoro, shi yana durƙusawa, har ƙarshen rayuwarsa. Ba zai taɓa yi miki ƙorafi ba, irinsu ba sa yi." Ta ɗauki kofin kokon, ta riƙe shi da hannu biyu ba ta sha ba. "Ba don bai isa ba na hana shi ke, Basira. Ɗan mutane ne, uwarsa na can Yendi ba ta san mu ba. Shi nake jiye wa."

Ta mayar da fuskarta ga taga, ga wurin da babu komai, ta ci gaba da jan carbinta.

Yau Laraba. Gobe Mma za ta yi wanka ta sa kaya masu launi, ni na ɗinka mata su tun watan jiya. Anti Fusena ta ce za ta zo da Hajiya Mamuna a yi mata barka. Waifar na nan ƙarƙashin kekena, duk lokacin da na taka feda sai ta taɓa min ƙafa. Suraj bai san na yi wa Mma magana ba, bai san abin da ta ce ba. Har yanzu yana can yana neman wanda zai roƙa masa gafarar laifin da bai yi ba. Ɗazu da azahar ya sake turowa:

"Limam ya yarda, gobe bayan la'asar za mu zo. Basira, me Mma ya ce? Gaya min gaskiya, ko mene ne zan iya ɗauka."

Na san zai iya. Abin da ya sa na kasa amsawa ke nan.